Koyon aikin binciken sirri mai zaman kansa a Najeriya: kaki, digiri, takardar ƙwarewa ko zama gaban ƙwararre?

Bahaushe ya san bincike tun kafin a mai da shi sana'a. Idan saurayi ya fito neman aure, iyayen yarinya sukan tashi wani dattijo mai kamun baki ya je unguwar da yaron ya taso, ya zauna da liman da mai unguwa da maƙwabta, ya ji asalinsa da sana'arsa da halinsa, sannan ya dawo ya shaida wa waliyyi abin da ya gano ba tare da kowa ya san an aike shi ba. Abin da ya sauya a yau shi ne masu buƙatar irin wannan aiki sun yawaita, kuma a shirye suke su biya. Banki yana son tabbatar da cewa adireshin da mai neman rance ya bayar na gaske ne, kamfanin inshora yana son sanin ko gobarar da ta cinye sito tsautsayi ce ko da hannun mai kayan, lauya yana neman shaidar da ya bar gari shekara huɗu da suka wuce, attajirin Kantin Kwari kuma yana ganin dilolin atamfa suna raguwa alhali littafin yaran shago yana cewa komai daidai yake. Matashin da ke sha'awar wannan sana'a yakan tarar da hanyoyi biyar a gabansa, kowacce da masu tallarta, kuma bambancin da ke tsakaninsu a kuɗi da lokaci da amfani yana da girma ƙwarai.

Kafin a auna su, dole a san ƙasar da ake tsaye a kai. Najeriya ba ta da wata hukuma da ke bai wa mutum lasisin zama mai binciken sirri mai zaman kansa. Dokar da ta fi kusa da batun ita ce ta kamfanonin masu gadi ta 1986, wadda hukumar Sibil Difens ke kula da aiwatar da ita, kuma dokar ta hana waɗannan kamfanoni riƙe bindiga, ta kuma hana su tallata kansu da sunan jami'an binciken sirri. A shekarar 2024 Sanata Osita Ngwu na Enugu ya kawo ƙudirin da zai tsara sana'ar da ba da lasisi, amma Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi, domin sanatoci da dama sun nuna fargabar cewa za a mai da masu binciken karnukan farauta a kan abokan hamayyar siyasa, a riƙa kutsa kai cikin sirrin jama'a. Saboda haka duk makarantar da ta ce za ta ba ka lasisin wannan aiki a Najeriya, tana sayar maka da abin da ba ta mallaka ba. Masu cin abinci da bincike a ƙasar nan suna yin sa ne a ƙarƙashin wasu sunaye da doka ta sani: mai binciken zamba a banki, odita mai duba littattafan kuɗi, mai kimanta asara na inshora, mai tantance bayanan ma'aikata, ko ma'aikacin ofishin lauya.

Wannan ya sha bamban da wasu ƙasashe. A jihar Kalifoniya ta Amurka ba a ba da lasisi sai mutum ya nuna ya yi sa'o'i 6,000 yana aikin bincike ana biyansa, wato shekara uku, sannan ya ci jarrabawa. Idan yana da digirin shari'a ko na shekara huɗu a ilimin aikin ɗan sanda, sai a rage masa zuwa sa'o'i 4,000. A Faransa hukumar CNAPS, mai kula da ayyukan tsaro masu zaman kansu, ce ke ba da izini, kuma akwai jami'o'i masu kwas na musamman a kan sana'ar, abin da zai iya jan hankalin ɗalibin Nijar da ya yi karatu da Faransanci. A Birtaniya kuwa, duk da cewa dokar 2001 ta buɗe ƙofar kafa lasisi, har yanzu ba a tilasta shi ba. Lissafin Kalifoniya ne ya fi ba ni sha'awa, domin ya nuna yadda waɗanda suka daɗe da sana'ar suke auna ta: digirin shekara huɗu kashi ɗaya cikin uku kawai ya maye na gogewar da ake nema, ragowar sai an taka ƙasa.

Tun da babu lasisi, mizanin da zan yi amfani da shi guda ɗaya ne. Abin da mai bincike yake sayarwa shi ne rahoto da hujja, kuma darajarsu ita ce su tsaya daram idan lauyan ɗaya ɓangaren ya titsiye wanda ya tattaro su a gaban alƙali. Kowace hanya ta koyo sai a tambaye ta: shin tana koyar da yadda ake samo bayani ta halal, a rubuta shi, a adana shi, a kare shi?

Hanya ta farko, wadda ta fi tsufa, ita ce shiga aikin gwamnati a koyi bincike cikin kaki, daga baya a fito a kafa na kai. Mai takardar sakandare zai iya shiga kurtun ɗan sanda ta kwalejojin horaswa irin na Kaduna da Maiduguri, ko kuma ya nemi Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil a jihar Kano, inda ake shekara biyar a fito da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda. Akwai kwalejin horar da 'yan sandan ciki a Enugu, hukumar EFCC tana da makarantarta a Karu kusa da Abuja, ICPC kuma tana da tata a Keffi. Babu wata hanya da ta kai wannan ba da gogewa ta zahiri, domin jami'in da ya yi shekara goma a sashen binciken manyan laifuka ya ɗauki jawabin ɗaruruwan mutane, ya san fuskar mai ƙarya da ta mai tsoro, ya shiga akwatin shaida sau da yawa, ya ga yadda ƙara ke rushewa saboda kwanan wata ɗaya da aka rubuta ba daidai ba. Ga shi kuma ana biyansa albashi yana koyo, maimakon ya biya.

Sai dai tsadarta shekaru ne. Ba kai ke zaɓar inda za a tura ka ba, kuma mutum zai iya ƙare aikinsa, shekara 35 ko ya cika shekara 60 da haihuwa, yana sintiri ko gadin manya bai taɓa riƙe fayil ɗin bincike na kirki ba. Akwai kuma wata matsala da tsofaffin jami'ai ba su cika son a faɗa ba. Rabin ƙarfin ɗan sandan ciki ikon hukuma ne: yana iya gayyatar mutum caji ofis, ya nemi izinin kotu a buɗe asusun banki, ya rubuta wa kamfanin waya a ba shi bayanan kira. Ranar da ya ajiye kaki duk wannan ya tafi, ya koma daidai da kowane ɗan ƙasa, sai ya koyi samun magana daga bakin wanda yake da cikakken ikon ce masa ya tashi ya ba shi wuri. Wasu sukan kasa wannan sauyi, su koma roƙon tsofaffin abokan aiki su zaro musu bayanan waya ta bayan fage, alhali ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 sun keɓe sauraron kira da tatsar saƙonni ga hukumomin tsaro kaɗai, su ma bisa sharuɗɗa. Wanda zai shiga aikin kaki ya shige shi don yana son aikin. Shiga da niyyar koyon sana'a a fita bayan shekara uku hasarar lokaci ce gare shi da hukumar baki ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce jami'a. Kwas ɗin nazarin laifuka da harkokin tsaro ya bazu a jami'o'in ƙasar nan, ana yin sa a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ana kuma yin sa a jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ta dace da ma'aikacin da ba zai iya barin aikinsa ba. Digirin yana da amfani guda biyu da ba za a raina ba: yana buɗe ƙofar neman aiki a hukumomi da bankuna da ke sharɗanta digiri da takardar bautar ƙasa, kuma yana koyar da dalilan aikata laifi da tsarin shari'a da hanyoyin nazari. Amma a gaskiya reshe ne na ilimin zamantakewa. Ɗalibi zai iya fitowa da sakamako mai kyau bai taɓa ɗaukar jawabin shaida ba, bai taɓa bin sawun naira ɗaya daga rasit zuwa asusu ba. A ganina, wanda ya ƙudurta zama mai bincike kuma yana da zaɓi, ya fi masa ya karanta akanta ko shari'a ko kimiyyar kwamfuta, domin waɗannan ukun kowanne sana'a ce mai cin gashin kanta, idan binciken bai kawo kuɗi ba a shekarun farko yana da abin dogaro. Mai digirin nazarin laifuka bai yi asara ba, amma ya sani cewa ginin nasa tushe ne kawai, sai ya ɗora.

Hanya ta uku, takardun ƙwarewa, ita ce ta fi kusa da inda kuɗin sana'ar yake. Mafi yawan aikin binciken da ake biya da kyau a Najeriya aikin takarda ne: baucan bogi, ma'aikatan bogi a jerin albashi, kwangilar da aka biya sau biyu, kayan sito da aka fitar da takardar wani, rancen da aka karɓa da jinginar fili ɗaya a wurare biyu. Takardar da ta fi suna a duniya a wannan fanni ita ce CFE, wato shaidar ƙwarewa a binciken zamba, ta ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE da aka kafa a 1988 a birnin Ostin na jihar Tekzas. Jarrabawarta ta ƙunshi dabarun zamba da hada-hadar kuɗi da shari'a da hanyoyin bincike da rigakafi, kuma ba a ba da takardar sai mutum yana da gogewar shekara biyu a aikin da ya shafi zamba, sannan kowace shekara sai ya yi sa'o'i 20 na ƙarin ilimi ya sabunta rajista. A cikin gida akwai cibiyar CIFCFIN, wadda doka ta kafa domin masu binciken zamba da ƙwaƙwaf, kuma ƙungiyoyin akantoci na ICAN da ANAN suna da horon binciken kuɗi ga mambobinsu. Bambancin a fili yake. Ta waje ana biyanta da dala, kuma da yadda naira ta faɗi tun 2023 nauyin ya ninka, amma bankuna da kamfanonin ƙetare da ƙungiyoyin agaji sun san ta. Ta gida ta fi sauƙin kuɗi, ta fi kusa da dokokin Najeriya, ta fi amfani ga mai neman aiki da ma'aikatun gwamnati.

Wani abu da karatun zamba yake gyara wa mai farawa shi ne tunanin da fina-finai suka cusa masa. Rahoton da ACFE ta fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari na zambar da aka gano a wuraren aiki ta hanyar tsegumi aka gano ta, fiye da kowace hanya, kuma fiye da rabin masu tsegumin ma'aikatan wurin ne. Ma'ana, ɗan dako ko magatakardan sito da ya amince da kai ya fi na'urar ɗaukar hoto ta ɓoye amfani nesa ba kusa ba.

Akwai 'yan'uwan wannan hanya guda biyu. Ɗaya ita ce binciken kwamfuta da waya, inda ake koyon kwafe abin da ke cikin na'ura ba tare da an taɓa asalinsa ba, da dawo da abin da aka goge, da rubuta sunan duk wanda na'urar ta bi ta hannunsa tun daga ranar da aka karɓe ta. Ana iya fara koyo da manhajar Autopsy wadda kyauta ce, amma kayan aikin da manyan hukumomi ke amfani da su, irin na kamfanin Cellebrite, sun fi ƙarfin aljihun mai farawa. Fannin yana da kasuwa, yana kuma da rami, domin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga na'urar wani ko tatsar saƙonninsa ba da izini ba, kuma sau da yawa mai zuwa da irin wannan buƙata miji ne da ke son a buɗe masa wayar matarsa ko mata da ke son a buɗe ta mijinta. Ɗayar ita ce kimanta asara ta inshora, wadda matasan Arewa ba su cika waiwaya ba, alhali ita ce reshen bincike mai zaman kansa da yake da lasisi na gaske daga hukumar inshora ta NAICOM, kuma aikinta, wato zuwa wurin gobara ko hatsari a auna abin da ya faru da abin da aka ce ya faru, bincike ne tsantsa.

Hanya ta huɗu ba ta da takarda, kuma ita ce na fi ba muhimmanci: zama gaban ƙwararre, kamar yadda ake koyon ɗinki ko ƙira ko fatauci. Wurin zaman zai iya kasancewa ofishin lauya mai yawan shari'un filaye da basussuka, ko sashen odit na banki, ko kamfanin da ke tantance bayanan masu neman aiki, ko ɗakin labarai na jaridar da ke binciken ƙwaƙwaf, domin 'yan jaridar irin su Premium Times da WikkiTimes ta Bauchi suna amfani da dabarun bin takardu iri ɗaya. Albashin shekarar farko ba ya taka kara ya karya, aikin kuma akwai gajiya. Amma a nan ne ake koyon abin da babu littafin da zai koyar.

A ɗauki misalin mai son sayen fili a bayan gari, wanda dillali ya kawo masa takardu masu tambari da sa hannu. Almajirin lauya zai fara da ofishin rajistar filaye, KANGIS idan a Kano ne, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ya nemi a duba lambar fayil a ga sunan wa take ɗauke da shi da ko akwai jingina a kanta. Idan kamfani ne ke sayarwa, sai ya duba rajistarsa a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya ga ko yana raye da su wane ne daraktocinsa. Daga nan sai ya tafi wurin da ƙafarsa, ba tare da dillalin ba, da hantsi lokacin da magina suke aiki a maƙwabta. Zai gaida mai shayin bakin hanya, ya sha kofi ɗaya, ya tambayi gidan mai unguwa, ya je ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata kafin ya kawo abin da ke tafe da shi. A irin wannan zama ne wani zai ce ai filin nan na gado ne, kuma akwai 'yar marigayin da ke aure a wani gari wadda ba ta sa hannu ba, magana tana kotun shari'ar Musulunci tun bara. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a takardun dillali. Sai almajirin ya koma ofis ya rubuta: ranar da ya je, ƙarfe nawa, wa ya gani, me ya gani da idonsa, me aka faɗa masa, wa ya faɗa. Maigidansa zai karɓi rahoton da jan biro, duk inda ya rubuta cewa mai sayarwar macuci ne a soke, a ce ya rubuta abin da ya tabbatar kawai ya bar wa alƙali hukunci. Bayan an soke masa rahoto sau ashirin, hannunsa zai faɗa.

A gaban lauya ne kuma ake sanin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, wanda ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar duk hujjar da ta fito daga kwamfuta. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Mai binciken da ya kawo hoton hirar WhatsApp ba tare da bayanin na'urar da ta fitar da shi da takardar tabbatarwa ba, zai iya ganin aikin wata biyu ya zube cikin minti biyar. Haka nan zai koyi iyakarsa: sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora nauyi a kan duk mai tara bayanan mutane, ko kamfani ne ko mutum ɗaya da kwamfutarsa.

Raunin wannan hanya shi ne ta dogara kacokan a kan maigidan da aka samu. Idan mutumin kirki ne mai tsantseni, an dace; idan mai saye da sayar da bayanan sata ne, halinsa za a ɗauka tare da sana'arsa. Sannan babu wata takarda da za a nuna wa baƙon da bai san ka ba, shi ya sa wannan hanya take buƙatar a haɗa ta da ta biyu ko ta uku.

Hanya ta biyar ita ce gajerun kwasa-kwasan da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, na mako biyu zuwa wata uku. Ba duka ne na banza ba, domin kwas ɗin kwana biyar a kan dabarun yi wa shaida tambayoyi ko binciken bayanan da ke fili a intanet yana ƙara wa wanda ya riga ya shiga aikin kaifi. Matsalar tana wurin waɗanda ke alkawarin mai da mutum cikakken jami'i cikin wata ɗaya. Wani ɗan ƙanwata da ya gama difloma ya biya irin wannan makaranta kuɗin da ya tara na wata shida, aka yi musu darasi ta waya, aka aiko masa da satifiket mai ruwan zinariya da katin shaida mai tambarin mikiya. Ya kawo mini yana murna ya ce, “Kawu, yanzu fa ko shingen 'yan sanda na zo, wannan kawai zan nuna.” Na ce masa, “Ɗana, mayar da shi aljihu, kada ka kuskura ka nuna wa mai kaki, domin abin da za a fara tuhumarka da shi sojan gona ne.” Da na duba takardun darasin, dokokin wata jiha ta Amurka ne aka kwafo, babu kalma ɗaya a kan dokar shaida ta Najeriya. Alamar gane irin waɗannan makarantu ba ta da wuya: suna ba da kati ko baje mai kama da na hukuma, suna kiran takardarsu lasisi, kuma idan ka nemi sunan malaman da inda suka yi aiki sai a fara kewaye-kewaye.

To wace hanya ta dace da wa? Wanda ya gama sakandare yanzu, idan yana son aikin hukuma har zuciyarsa, ya nemi Wudil, domin zai samu digiri da horo da aiki a dunƙule. Idan burinsa ya tsaya da ƙafarsa ne, ya karanta akanta ko shari'a ko kwamfuta, ya riƙa amfani da hutunsa da shekarar bautar ƙasa wajen zama a ofishin lauya ko sashen odit, ko da kuɗin mota kawai za a ba shi. Wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni kuma shekarunsa sun wuce na shiga kaki, kada ya koma jami'a neman digiri na biyu a nazarin laifuka da tunanin shi ne mabuɗi. Ya nemi gurbin aiki a inda ake bincike, ya cika shekara biyunsa, sannan ya zauna jarrabawar ƙwarewa, ta gida ko ta waje gwargwadon aljihunsa da irin abokan cinikin da yake hari. Ma'aikacin banki ko akanta da ke son sauya layi shi ne ya fi kowa kusa, domin takardar CFE ko ta CIFCFIN kawai ta rage masa. Tsohon jami'in da ya yi ritaya kuwa ba ya buƙatar a koya masa tambaya. Abin da yake buƙata shi ne gajeren horo a kan dokar kare bayanai da hujjar kwamfuta da rubuta rahoto ga ɗan kasuwa, wanda yake son shafi uku masu ma'ana maimakon fayil mai kauri.

Mata suna da wata dama a nan Arewa da ba a cika lissafawa ba. Akwai gidajen da namiji baƙo ba zai wuce zaure ba, alhali rabin labarin gado da aure da bashin adashi a cikin gida yake, kuma mace mai ilimin shari'a ko akanta da ta iya zama da matan gida tana samo abin da namiji zai yi wata yana kewaye bai samu ba. Harshe ma jari ne: mai Hausa da Fulatanci ko Kanuri, ko mai Hausa da Faransanci da zai iya bin sawun kaya daga Kano zuwa Maraɗi, yana da abin da babu kwas ɗin da ke sayar da shi.

Game da kuɗin farawa, kayan aikin ba su da yawa: waya mai kyamara mai kyau, kwamfuta mai kulle, littafin rubutu mai lambar shafi wanda ba a yage masa takarda, da abin hawa da ba ya jan ido, wanda a yawancin garuruwanmu babur ne. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne rajistar kamfani da shawarar lauya a kan sunan da za a sa masa da ayyukan da za a rubuta yana yi, tun da kalmar da aka zaɓa tana iya jawo tambaya daga hukuma. Sai kuma takardar yarjejeniya da kowane abokin ciniki, wadda za ta fayyace abin da aka ɗauke ka ka gano, da dalilinsa na son sani, da abin da ba za ka yi ba ko nawa zai biya. Wanda ya zo yana neman a gano masa inda matar da ta gudu daga gidansa take zaune, ko a bi masa sawun wani ɗan jarida, wannan aiki ne da dole ka ƙi, domin adireshin da ka miƙa zai iya zama sanadin jinin wani, kuma sunanka ne a kan rahoton.